Waiwaye: Yadda Aka Daina Ce wa Tsoho Ya Kwanta Ya Huta

A yau da wuya dattijo ɗan shekara saba'in ya shiga ɗakin likita ya fito ba a ce masa ya riƙa taka sayyada ba. Shawarar ta zama ruwan dare, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka mata ƙa'ida: aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka, da na koyon tsayuwa daram don gudun faɗuwa. Cikin dalilan da ake jerawa har da cewa motsi yana riƙe garkuwar jiki kada ta yi saurin sukurkucewa. Sai dai wannan magana da muke ji kamar da ita aka halicci duniya, a bakin likitocin zamani ba ta girmi dattijon da ake faɗa wa ita ba. Lokacin da yake goye, gado aka fi yarda da shi. Kuma sai da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna duban jinin mai motsa jiki suna karanta shi a baibai.

Idan muka koma can baya, magabata ba su da wannan tsoro. Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun da ya kammala a wajajen 1025, ya sa motsa jiki a gaban abinci da barci cikin abubuwan da ke tsare lafiya, kuma ya ware babi guda don kula da tsofaffi: a riƙa yi musu tausa da mai, su yi tafiyar ƙasa ko hawan dabba gwargwadon ƙarfinsu, a lallaɓa gaɓar da ta yi rauni. Hujjarsa irin ta zamaninsa ce. Tsufa a wurinsa sanyi ne da bushewa, motsi kuwa yana tada zafin jiki ya fitar da abin da ya taru. Bai san ƙwayar cuta ba, balle sojojin jiki da ke yaƙar ta. Shawarar ta yi daidai, amma ba ta da gindin tsayawa ranar da aka zo da madubin likita aka ce kowa ya nuna hujjarsa a cikin ɗigon jini.

Ranar ta zo a 1882, a garin Messina na Italiya. Wani masanin halittu daga daular Rasha, Élie Metchnikoff, ya tsinko ƙayar fure a lambu ya soka wa jaririyar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ana hango cikinta tar. Da gari ya waye sai ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo a jikinta sun yi wa ƙayar dafifi. Daga nan ya gane aikin fararen ƙwayoyin jininmu ke nan: su kewaye baƙon abu su haɗiye shi. Wannan ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908. Kuma mutumin da ya buɗe ƙofar ilimin garkuwa shi ne ya raɗa wa ilimin tsufa suna a 1903, yana Cibiyar Pasteur a Faris. Zarginsa shi ne idan shekaru suka ja, ƙwayoyin nan masu haɗiya sukan juyo kan mai su. Har furfura cewa ya yi su ke cinye baƙin gashi. Maganin da ya hango shi ne nono mai tsami, irin wanda ya ji manoman Bulgeriya na sha suna daɗewa a duniya, kuma ya lazimci shan sa har ya mutu a 1916 yana da shekara 71. Da masu tallan kindirmo sun san da zamansa, da sun yi masa kirari. Motsa jiki dai bai shiga lissafinsa ba.

A Jamus an lura tun 1893 cewa fararen ƙwayoyi kan ƙaru bayan aikin ƙarfi, amma labarin da ya fi tafiya na Boston ne. A 1901 wani likita, Ralph Larrabee, ya ɗebi jinin mutum huɗu daga cikin waɗanda suka kammala gudun yada-ƙanin-wani na birnin, mai nisan kusan kilomita 40. Fararen ƙwayoyinsu sun ninka sau uku zuwa biyar. Likitan wancan zamani wuri ɗaya ya saba ganin irin wannan adadi, a jikin mai zazzaɓi ko mai ƙurjin da ya tara mugunya. Don haka abin da aka ɗauka daga rahotonsa na 1902 shi ne wahalar jiki 'yar'uwar ciwo ce. A shekarun 1940 cutar shan inna ta zo ta ƙara wa tsoron ƙarfi. Ritchie Russell na Oxford ya bi tarihin majinyata ya ga waɗanda suka ci gaba da wasa ko aikin ƙarfi bayan zazzaɓin farko ya kama su, su ne shanyewar ta fi yi wa muni. Wannan gaskiya ce, kuma har gobe ba a ce wa mai zazzaɓi ya fita gudu. Inda aka kauce shi ne da aka shimfiɗa hukuncin mai ciwo a kan mai lafiya, musamman in ya manyanta.

Wancan shi ne zamanin gado. Wanda ya sami bugun zuciya sai a kwantar da shi mako shida, a ba shi abinci a baki. Mai jego, da wanda aka yi wa tiyata, da mai tarin fuka, da tsohon da ya ɗan yi laushi, duk maganin ɗaya ne. A 1947 wani likita a Landan, Richard Asher, ya rubuta gajeren gargaɗi a kan haɗarin kwanciya, ya lissafo yadda jini ke daskarewa a jijiyoyi, ƙashi ke zubewa, huhu ke tara majina. Amma wanda ya girgiza al'adar da alƙaluma shi ne Jeremy Morris, a 1953. Ya dubi ma'aikatan sufurin Landan kusan 31,000, cikinsu har da masu aiki a motocin bas ɗin nan masu hawa biyu. Direba yini yake zaune. Kwandasta kuwa hawa da sauka yake a matakala, ɗaruruwan taki a rana, yana yankar tikiti. Mota ɗaya, unguwa ɗaya, amma mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya a wurin kwandastoci kusan rabin ta direbobi ce. Morris bai tsaya ga rubutu ba, ya ci gaba da motsa nasa jikin har ya kai shekara 99. Sai kuma gwajin Dallas na 1966, inda aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 na mako uku, lafiyarsu ƙalau. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara 30 bayan nan aka sake tara su, sun kai hamsin, sun yi tumbi, aka auna: ashe mako ukun nan na kwanciya ya fi shekara talatin ɗin yi musu ɓarna. Tun daga nan aka fara zargin cewa wani kaso na abin da muke kira tsufa, zama ne kawai.

Duk wannan maganar zuciya ce da tsoka. Ita garkuwa ba a ma gama sanin gidanta ba. A bayan ƙashin ƙirji akwai wani ɗan ƙullutu da likitoci ke kira taimus, wanda aka daɗe ana ɗauka maƙabartar ƙwayoyin jini ce. Har akwai lokacin da ake haska shi da zafin na'ura a jikin jarirai don a rage girmansa, da zaton cuta ne. A 1961 Jacques Miller, yana bincike a kan sankarar jini a Landan, ya cire shi daga jikin jariran ɓeraye. Sai suka rame, cututtuka suka yi musu rubdugu, kuma ko fatar wani ɓeran aka dasa musu jikinsu ba ya ƙin ta. Ashe a nan ake horar da rukunin da yau muke kira ƙwayoyin T, a koya musu bambanta na gida da baƙo. Da aka gane haka sai wani tsohon abin lura ya sami ma'ana mai ban tsoro: taimus tun ƙuruciya yake fara motsewa, kitse na maye gurbinsa, har in mutum ya kai saba'in abin da ya rage kaɗan ne. Ke nan ɗanyun ƙwayoyin T, waɗanda ba su taɓa karo da cuta ba kuma su ake buƙata idan sabuwa ta zo, raguwa suke yi kowace shekara. A 1969 Roy Walford na Kalifoniya ya fitar da littafi sukutum yana cewa lalacewar garkuwa tana cikin tushen tsufa kansa. An karɓi maganar a matsayin ƙaddarar da ba ta da makawa. Shi Walford ɗin ma, dabarar da ya bi har ƙarshen ransa rage cin abinci ce, ba gumi ba.

Kayan aikin da za su ba da damar yin tambayar sun iso ne ta hanyar annoba. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla a farkon shekarun 1980, dole asibitoci suka koyi ƙirga ƙwayoyin garkuwa rukuni-rukuni, kuma ta nan sunan rukunin CD4 ya shiga bakin jama'a har a garuruwanmu. Na'urar da ke ƙirga na majinyaci ita masu nazarin wasanni suka ara suka juya ga 'yan gudu, daidai lokacin da gudun safe ya zama yayi a Amurka da Turai. Abin da suka fara gani kuwa tsohon tsoron ya farfaɗo da shi. A gudun kilomita 56 na Cape Town a 1982, Edith Peters da Eric Bateman sun tarar kashi ɗaya cikin uku na 'yan gudun sun koka da mura ko ciwon maƙogwaro cikin mako biyu, alhali a cikin waɗanda ba su yi gudun ba kashi 15 ne cikin ɗari. A Los Angeles a 1987 David Nieman ya bi mutum 2,311: kusan kashi 13 cikin ɗari na waɗanda suka yi gudun sun ce sun kamu a makon da ya biyo, waɗanda suka yi shiri amma suka fasa kuwa kashi 2 da ɗoriya. Zuwa 1994 an sami ra'ayoyi biyu da suka mamaye littattafai. Nieman ya zana layi mai siffar harafin J: mai zaman kashe wando yana da nasa haɗarin, mai matsakaicin motsi ya fi kowa tsira, mai wuce gona da iri ya fi kowa kamuwa. Bente Klarlund Pedersen ta Denmark kuma ta lura cewa awa ɗaya ko biyu bayan gudu mai tsanani, ƙwayoyin da suka cika jini sukan faɗi ƙasa da yadda suke tun farko, ta ce taga ce ke buɗewa wadda cuta za ta iya shigowa ta cikinta. To idan haka ta sami saurayi ɗan gudu, ina ga tsoho da taimus ɗinsa ya riga ya zama kitse?

Amsar ta fara zuwa daga inda ba a zata ba, gidan kula da tsofaffi a Boston. A 1990 Maria Fiatarone ta ɗora mutum goma, masu shekara 86 zuwa 96, a kan na'urar ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako har mako takwas. Ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici, biyu daga cikinsu suka ajiye sanda. Ba garkuwa ta auna ba, amma ta cire wa masu bincike tsoron taɓa tsoho. Shekara uku bayan nan, a 1993, Nieman ya tara mata masu shekara 65 zuwa 85. Sha biyu daga cikinsu 'yan gasar wasannin dattawa ne, sun daɗe suna atisaye. Sauran 32 masu zama ne, aka raba su biyu: wasu su riƙa tafiya da sauri minti 30 zuwa 40, kwana biyar a mako, wasu su riƙa 'yar miƙa kawai, har mako 12. A lokacin sanyin kaka rabin masu miƙa sun yi mura, masu tafiya kashi 21 cikin ɗari, 'yan gasa kuwa mace ɗaya tak. A ɗakin gwaji ma ƙwayoyin 'yan gasar sun fi na sauran kuzari da fiye da rabi. Amma akwai abin da masu yayata binciken kan tsallake: tafiyar mako 12 ba ta sauya komai a jinin masu tafiyar ba. Murarsu ta ragu, awon bai motsa ba. Mutanen kaɗan ne, ba a gina gari a kansu, amma tambayar da suka bari ta yi shekaru tana yawo: wanda ya fara da yamma zai cim ma wanda ya yi sammako?

Shekarar 2000 ce mararrabar labarin, domin abubuwa biyu sun fito a cikinta daga wurare biyu, suka dace da juna. A Italiya Claudio Franceschi, wanda ya daɗe yana nazarin masu shekara ɗari, ya ce garkuwar tsoho ba rauni kawai take yi ba. Wani ɓangarenta ma ƙin kwanciya yake yi: jiki na zama cikin ɗan kumburi na ƙasa-ƙasa, babu zazzaɓi babu raɗaɗi, shekara da shekaru, yana cin jijiyoyin jini da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da Metchnikoff na raye da ya ce ai ya faɗa. Ɗaya daga cikin alamun wannan kumburi shi ne sinadarin IL-6. Matsalar ita ce shi wannan sinadari yakan ninka har sau ɗari a jinin wanda ya gama gudun yada-ƙanin-wani, abin da ya sa aka ɗauka gudu raunata jiki yake yi. A Kopenhagen, Pedersen da ɗalibinta Adam Steensberg suka zaunar da samari shida, suka zura musu siraran bututu a jijiyoyin cinya biyu, suka sa kowa ya riƙa harba ƙafa ɗaya na awa biyar, ɗayar tana hutawa. Jinin da ke fitowa daga ƙafa mai aiki ne ke ɗauke da sinadarin. Ba rauni ba ne, tsoka ce da kanta ke yin sa tana aika saƙo. Kuma idan ya zo ta wannan hanya, ya tashi ya faɗi cikin 'yan awoyi, abin da ke biyo bayansa sinadarai ne masu kwantar da kumburi. A 2003 suka gwada abin kai tsaye: aka yi wa samari allurar ɗan gubar bakteriya, waɗanda suka huta jikinsu ya tada kumburi, waɗanda suka tuƙa keke na awa uku nasu bai tashi ba. Daga nan aka daina kallon tsoka a matsayin nama mai jan ƙashi kawai. Tsohon da ke rasa tsoka yana tara kitsen tumbi, hasara biyu yake yi lokaci guda, don shi kitsen cikin kumburi yake hurawa.

A daidai wannan lokaci, a garin Jönköping na Suwidin, ana bin wasu tsofaffi da suka haura tamanin da casa'in, aka ga akwai wani fasalin jini da ke nuna wanda ya fi kusa da kabari cikin shekara biyu. Da aka bi sawu sai aka iske wani bairos mai suna CMV, dangin mai kawo ƙarambau, wanda idan ya shiga jiki ba ya fita. Garkuwa takan ƙare rayuwa tana gadin sa, har a wasu tsofaffin kashi ɗaya cikin huɗu na wani rukunin ƙwayoyin T ba su da aikin da ya wuce shi. Sun gaji, ba sa hayayyafa, kuma sun tare wuri. Wannan ya shafe mu fiye da Turawan da aka yi nazarin a kansu, domin a Gambiya an tarar kusan kashi 85 cikin ɗari na yara sun kamu da shi kafin su cika shekara ɗaya. A 2011 Richard Simpson ya kawo shawarar cewa wataƙila motsa jiki yana koro waɗannan gajiyayyun ƙwayoyi zuwa inda za su mutu, a sami fili ga sababbi. Ra'ayi ne mai daɗin ji, kuma an ga masu juriyar numfashi suna da ƙarancin irinsu, amma bai zama tabbas ba.

Inda hujja ta fi tsayawa da ƙafarta shi ne wajen allurar rigakafi, domin nan ana iya ba garkuwa jarrabawa ɗaya a rana ɗaya a duba sakamako. An san rigakafin mura mai tsanani da ke kare matasa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, a wurin tsofaffi yakan tsaya tsakanin 17 da 53. Marian Kohut a Iowa ta nuna a 2004 cewa dattawan da suka yi wata goma suna atisaye sun fi amsa allurar. A 2009 Jeffrey Woods a Illinois ya maimaita da mutum 144, wasu masu tafiya wasu masu miƙa. Makonnin farko bayan allura kusan kunnen doki aka yi tsakanin masu tafiya da masu miƙa. Bambancin ya fito ne bayan kusan wata shida, lokacin da kariyar masu miƙa ta zube, ta masu tafiya tana nan. Yawan kamuwa da mura bai bambanta ba, sai dai ta fi zuwa wa masu tafiyar da sauƙi. Ga amsar rabin tambayar 1993 ke nan: wanda ya makara ma yana samu, amma wata goma ake magana, ba mako goma sha biyu ba.

Ita kuwa tagar nan da aka ce tana buɗewa, a hankali aka dawo aka sake duban ta. A Ostireliya an bi 'yan wasa ana ɗibar majinarsu duk lokacin da suka ce sun yi mura, sai aka sami ƙwayar cuta a kusan kashi 30 cikin ɗari kawai. Sauran kaikayin busasshiyar iska ne da ƙura da makamantansu. Kuma mai zuwa babban gudu ya shiga jirgi, ya kwana a baƙon wuri, ya cuɗanya da dubban mutane, wanda ya fasa kuwa yana gida. A Jamus Karsten Krüger ya shafa wa ƙwayoyin T na ɓeraye alama ya sa su gudu, ya bi inda suka shiga: huhu, hanji, ɓargo. Abin da ke faruwa shi ne, da zuciya ta ɗauki bugu, jini mai gudu da sinadarin firgita sukan kakkaɓo ƙwayoyin da ke manne a bangon jijiyoyi da saifa, wasu rukunin su ninka har sau goma. Da an tsaya sai su fice daga jini su nufi ƙofofin da cuta ke shigowa, kafin kwana ɗaya adadin ya koma daidai. Masu ƙirgar farko sun yi kamar baƙon da ya shiga ƙauye da hantsi a tsakiyar damina, ya ga ba kowa, ya koma ya ba da labarin an yi annoba, alhali mutane na gona. A 2018 John Campbell da James Turner na Jami'ar Bath suka tattara wannan suka ce a rufe maganar taga. Nieman da wasu ba su sallama ba game da 'yan wasan da ke gasa jikinsu fiye da kima, kuma muhawarar na nan. Amma game da dattijo mai zagaya unguwa, babu mai jayayya kuma.

A wannan shekarar ce dai aka fitar da binciken da ya fi kowane yawo a jaridu. Janet Lord da Niharika Duggal na Birmingham, da Stephen Harridge da Norman Lazarus na Landan, sun ce kullum ana nazarin tsufa ne a jikin masu zama, to yaya za a raba aikin shekaru da aikin kujera? Suka nemo mahaya keke 125, maza 84 mata 41, masu shekara 55 zuwa 79. Sharaɗin shiga ba na wasa ba ne: namiji ya ci kilomita 100 cikin ƙasa da awa shida da rabi, mace kilomita 60 cikin ƙasa da awa biyar da rabi. Shi kansa Lazarus ya haura tamanin a lokacin, kuma yana hawa. Aka gwama jininsu da na tsaransu 75 masu lafiya amma marasa motsi, da matasa 55. Ɗanyun ƙwayoyin T da suka fito daga taimus kwanan nan, a jikin mahayan sun yi kusa da na matasan. Sinadarin IL-7 mai raya taimus ya fi yawa a jininsu, na kumburi ya fi ƙaranci. Gaɓar da aka yi shekaru ana cewa ba abin da ke hana ta motsewa, ga ta tana aiki a ƙirjin ɗan saba'in. Sai dai a yi adalci: gajiyayyun ƙwayoyin nan da Simpson ya yi fatan za a share, suna nan a jikin mahayan kamar na kowa. Kuma hoto ne na rana ɗaya. Mai iya cin kilomita ɗari yana da shekara 75, tana yiwuwa kyakkyawar garkuwar ce ta bar shi a kan keken, ba keken ne ya ba shi ita ba.

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu kafin babur ya yi yawa ya san irin waɗannan mahaya, ko da yake ba wanda ya taɓa ce musu 'yan wasa. Malamin makaranta da zai tattare babbar riga a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando, ya hau Raleigh ɗinsa. Manomin da ke ɗaure fartanya a bayan sirdi ya yi asubanci. Tsohuwar da ke kai ƙunshin daddawa kasuwar ƙauyen gaba a ƙafa. Sannan acaɓa ya zo, adaidaita sahu ta biyo baya, 'ya'ya suka yi arziki. Yau ɗa nagari shi ne mai cewa “Baba, don Allah ka zauna ka huta, a aiki yara,” ya sa a ɗauke shi a mota zuwa masallacin da ke bayan layi. Niyyar ba ta da aibi. Amma maganin da asibitocin Turai suka yi watsi da shi bayan gwajin Dallas ne muke bayarwa da sunan biyayya.

Korona ta zo ta yi wa duk wannan ilimi gwajin da ba wanda ya roƙa. A Kalifoniya an duba majinyata 48,440, aka ga waɗanda ba sa motsi sam sun ninka masu cika minti 150 ɗin nan fiye da sau biyu wajen kwanciya asibiti da wajen mutuwa. A Afirka ta Kudu, cikin ma'aikatan lafiya da aka yi wa rigakafi iri ɗaya, kariya daga kwanciya asibiti ta kai kashi 86 cikin ɗari ga masu yawan motsi, kashi 60 ga masu ƙarancinsa. A 2021 kuma ɗakin gwajin Sean Morrison a Texas ya gano a ɓargon ɓeraye wasu ƙwayoyi da ke jin girgizar taku. Idan ɓera na gudu sukan ƙaru su ƙarfafa ƙashi su kuma reni iyayen ƙwayoyin garkuwa, idan ya tsufa sukan ragu.

Juyi na baya-bayan nan ya taɓa ginshiƙin Franceschi ne. A 2025 wasu masana suka ɗauki ma'aunin kumburin tsufa da aka gina a kan Italiyawa, suka gwada shi a Singafo ya yi daidai, sannan suka kai shi wurin mutanen Tsimane na dajin Boliviya da Orang Asli na Malesiya. A can bai yi aiki ba. Mutanen Tsimane noma da farauta da kamun kifi suke yi, waɗanda suka haura sittin a cikinsu sukan yi taku fiye da 15,000 a yini. Jininsu cike yake da alamun kumburi tun ƙuruciya saboda tsutsar ciki da cututtukan daji, amma ba ya ƙaruwa da shekaru, kuma ba ya kai su ga ciwon zuciya da sukari irin na birni. Masu binciken ba su ce tafiya kaɗai ce dalili ba, domin abinci da muhalli da irin cututtukan da jiki ya saba da su duk sun bambanta. Abin da suka ce shi ne kumburin da aka yi shekara 25 ana lissafa shi cikin alamun tsufan ɗan Adam, ya fi kama da alamar tsufa a ƙasashen masana'antu, kuma sai an sake auna shi al'umma-al'umma kafin a yanke wa kowa hukunci da shi.